Baƙi a Bakin Marini

Samarin da ke zama a teburin mai shayi na tashar Zango sun daɗe da yanke mini hukunci: wai aikina latse-latse ne. Wai Baba Idi yana shiga ɗaki mai fanka, ya kalli hoto, ya danna wani abu da ɗan yatsa, ya fito yana miƙa kamar wanda ya yini yana huɗa. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi akuyarsa ma za ta iya, in dai an nuna mata inda za ta ɗora kofato. Na gode. Allah ya ƙara wa akuyar basira. Tunda yau na kasa zama wuri ɗaya, na je masallaci na dawo, na zaga kasuwa ban sayi komai ba, na gyara ƙyauren da bai lalace ba, bari in gwada zama in rubuta muku yadda latse-latsen yake. In kun ga rubutun yana tangaɗi, a aji huɗu na tsaya, kuma shi ɗin ma rabinsa a bakin taga na yi shi.

Ga aikin a taƙaice. Can bayan taurarin da kuke gani akwai wasu da Allah ya tara garke-garke, kowane garke ya fi ƙarfin ƙirga. Nisansu kuwa, hasken da ya iso mana yau ya kamo hanya tun ba a haƙa rijiyar Kusugu ba, tun ma ba a san za a haifi mai haƙawa ba. Masu ilimi suna ce wa irin wannan galaksi. Mu a ɗakinmu garke muke cewa. A cikin garkunan akwai masu fitar da wani haske fiye da kima, hasken da ke can bayan shuɗi, a gefen bakan gizo inda idon ɗan Adam ya ƙare. Sunansa na boko altirabayolet. Na daɗe ina koyon faɗarsa, da na iya sai haƙorina na gaba ya fita, na koma cewa bayan-shuɗi. Ba mai ganinsa da ido, ni ma ba na gani, kar wani ya je ya ce na ce. Na'ura ce ke ɗauko shi daga sama, sai a shafa masa shuɗi a hoto don irinmu su san inda yake. Garken da wannan haske ya yi masa yawa, ko dai yana haihuwar sabbin taurari masu zafi ba hutawa, ko kuma akwai wani abu a cibiyarsa da ke haɗiye duk abin da ya matso, yana tartsatsi. Masu bincike suna so su san wace irin sura ce ke tafiya da wannan hali. Mu ne masu faɗar surar. Kuma da rana tsaka muke yi, a zaune. Ban taɓa leƙa madubin hangen nesa ba, ko a mafarki.

Ni asalina marini ne, ɗan marini. Na tashi hannuna shuɗi har gwiwa, in na gutsuri tuwo sai lomar ta fito da zane. Buzaye suna saukowa daga Nijar su jibge mana farin saƙi, su koma da turkuɗi yana ƙyalli. To ku riƙe wannan da kyau, don a kansa labarin zai juya. A marina, zanen da aka tsoma sau ɗaya ko biyu shi ne shuɗi, kayan masu gaggawa. Wanda aka tsoma aka shanya, aka sake tsomawa aka sake shanyawa har ya ƙoshi da baba, ba ma ce masa shuɗi. Baƙi muke cewa. In marini ya ɗaga zane a rana ya ce baƙi ne, yabo ya kai ƙarshe. Da galura da atamfar kanti suka cinye mu, ramukan suka koma wurin zuba shara, sai na shiga buga-buga: awon hatsi a Baure, gadin makaranta, har tallan maganin ɓera na yi.

Dakta Binta 'yar maƙwabcinmu ce, a gabana take wucewa makaranta da littattafai a jakar leda. Ta tafi karatu ta daɗe, ta dawo da tabarau da wannan aiki. Da farko samari irinku ta ɗauka. Suka share mata aikin wata cikin mako, rabi shirme, don suna latsawa suna kallon ƙwallo a waya. Sai ta sake shawara, ta nemi tsofaffin da suka saba ƙura wa abu ɗaya ido har rana ta karkata: wani mai ɗinkin hula, wani dillalin shanu da ƙafa ta gaza masa, da Tabawa mai saƙar faifai daga Zango. Tabawa taubashiyata ce, 'yar kawuna, kuma tun muna yara ba ta taɓa barina na wuce ta gabanta lafiya ba. Ita ta kai sunana, don dai ta sami wanda za ta riƙa ci wa fuska a kusa.

Dakta ta ce, "Baba Idi, an ce kai ka san launi."

Na ce, "Wa ya faɗa? A kawo shi in ba shi tukwici."

"Ka iya kwamfuta?"

"Na taɓa ɗaukarta daga mota zuwa ofishin hedimasta. Ba ta da nauyi."

Tabawa ta ce, "Ɗauke shi, 'yar nan. In bai iya komai ba ya riƙa kore mana ƙuda."

Garke na farko da na raba, kashin ƙuda ne. Na zauna gaban allon kwamfuta, ga baƙin fili, ga wani ɗan ɗigo a gefe, na dube shi ta dama, na dube shi ta hagu, na ce wannan dunƙulallen garke ne mai nisan gaske. Dakta ta zo ta tsaya a kaina, ta sa bakin mayafinta ta goge shi. Garken ya tafi da duk taurarinsa. Shi ya sa in an tambaye ni kayan aiki, tsumma nake fara ambata, mai laushi, ba a jiƙa shi. Sai baƙin labule, don in rana ta leƙo ta taga duk wani garke mai rauni ya ɓace. Sai sola a kan rufi, wadda ke yin fushi duk ranar da hadari ya haɗu. Sai ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, maus, wai ɓera ke nan da Turanci. Ni da na yi shekaru ina sayar da gubarsa, ga ni na ƙare ina shafa masa baya daga safe zuwa la'asar. Sai kujera. Tawa ce ta kusa da ƙofa, don ni ba na iya daɗewa ban miƙe na zaga ba, ƙafata tana rawa ko da idona na aiki.

Surorin suna da sunayensu na boko, Dakta ta karanta mana, muka saurara da ladabi, muka raɗa musu namu. Mai hannuwa da suka naɗe suna zagaye cibiya, faifai ne. Tabawa ta sa masa, kuma ba wanda ya ja da ita. In akwai sanda a gicciye a tsakiyarsa, faifai mai muciya. Mai santsi, ba hannu ba ƙafa, ƙwai. Ƙarami mai tsananin haske wanda da kyar ake bambanta shi da tauraro, curin fura. Wanda ba kai ba gindi, tsumma. In biyu suka sarƙe suna jan juna, kowane da jela, 'yan kokawa. In kuma shuɗin ya yi da'ira ya bar tsakiya, awarwaro. Kun ji kamar da sauƙi ko? To faifan da ya ba ka gefe, sanda kawai za ka gani. Tauraron kusa yakan zauna a kan garke ya yi masa cibiyar ƙarya, sai ka lura da ƙahonninsa huɗu kafin ka gane baƙo ne. Biyun da ka ɗauka kokawa suke yi, wataƙila ɗaya yana gaba ɗaya yana can baya, ba su ma san da juna ba, kamar wanda ya tsaya a Daura ya hango bishiya da tsauni a layi ɗaya.

Abin da ya fi wuya shi ne kowane hoto yana zuwa mana a haɗe. Tsofaffin taurari suna fitowa ruwan man shanu, su ne jikin garken. Sabbin, masu bayan-shuɗi, suna fitowa shuɗi a kansa, wani wuri a gudaje, wani wuri siriri kamar zare. Jikin yakan ce maka ƙwai, shuɗin ya ce faifai. Sai ka saurari duka biyun kafin ka latsa. Kuma ba a yarda da ido ɗaya: mutum uku ke duba kowane hoto, kowa a kujerarsa, ba leƙe. In aka saɓa, bayan azahar a yi zaman da muke kira shari'a. A nan ake cin mutunci.

Masu ba mu aiki ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ta hannun Dakta suke aiko da buƙata daga ƙasashe, kuma kowane da irin tasa fitinar. Wani ya ce masu muciya kawai yake so, mu kwashe wata da watanni muna farautar muciya, har in na ga matata Hajara tana tuƙa tuwo sai yatsana ya motsa. Wata ta ce 'yan kokawa take nema, amma waɗanda suka kusa gamawa, ba waɗanda suka fara ba. Ta yaya zan san sun kusa gamawa, ni ne alƙalin wasa? Ta jela, in ji Dakta, da kusancin cibiyoyin. Akwai kuma masu zuwa da ƙafarsu, waɗanda suka ji an ce muna duba taurari. Wani bawan Allah ya taso tun daga Mashi da zakara a hammata, wai in duba masa ko tauraronsa zai yarda ya sayi wani bijimi. Na ce masa ni sura nake gani, ba gaibu ba, gaibu na Allah ne. Na nuna masa wani faifai mai muciya, ya daɗe yana kallo, ya yi tasbihi, ya tafi da zakaransa. Tabawa har yau ba ta yafe mini zakaran nan ba.

Shekarar wahala ta zo ne ta hannunmu. Duk abin da muke latsawa, ashe wata na'ura tana can tana koyo. Da ta ƙoshi, sai ta kwashe duk garkuna masu sauƙi ta bar mana ƙashi: masu rauni, masu nisa, waɗanda shuɗinsu bai fi numfashi a kan madubi ba. Aiki ya ragu, wuya ta ƙaru. Dakta ta tara mu ta ce, ba ta ɓoye ba, in sabon aiki ya iso bayan babbar Sallah ba duka kujeru za su tsaya ba, kuma wanda idonsa ya fi saɓa wa na sauran shi zai tashi. Na kalli mai hula, na kalli dillali, na fara tausaya musu a raina. Ban san kujerar kusa da ƙofa ake magana ba.

Akwai wani garke da ya shigo a farkon daminar nan, ba zan manta shi ba. Ɗan dunƙule ne ruwan man shanu, a kwance kaɗan, santsi kamar an lashe. Na dube shi, na zaga na dawo, na sake dubawa, na latsa ƙwai. Bayan azahar aka kira shi gaban shari'a. Tabawa ta ce awarwaro. Dillali ya ce awarwaro.

Na ce, "Awarwaron wa? Na amarya ko na uwar amarya? Ƙwai ne wannan, ko kaza za ta shaida."

Tabawa ta ɗora yatsa a gefen garken, nesa da jikinsa kaɗan, ta zagaya da shi. "Kai tsohon banza, nan fa? Wane launi kake gani a nan?"

Na duba. Na ce, "Baƙi."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Dillali ya ce, "Kun ji marini! Ya gani sarai, har ma yabonsa yake yi." Dakta ma ta yi murmushi, don tun tana yarinya ta san yadda muke magana a unguwa. Ta ce, "To Baba, tunda ka yarda shuɗin yana nan har ya kai baƙi, me ya hana ka ce awarwaro?" Ni kuma da na ga ana dariya, na ɗauka na yi wata gwaninta ce, na gyara hula na ce ra'ayina ke nan. Aka rubuta awarwaro, aka ce Baba Idi taurin kai ne ya fara damunsa.

Haka muka ci damina. In an nuna mini wuri an ce wane launi, in ce baƙi, a yi dariya, a wuce. Su suna jin baƙin marina, ni ina nufin baƙin gawayi, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya, har ni. Ƙwai ya yi ta yawa a hannuna. Faifai ƙwai, awarwaro ƙwai, har Tabawa ta fara kirana Sarkin Kaji. A gida kuma na buɗe wata shari'ar. Na ce wa Hajara bular da take sa wa fararen kayana jabu ce, riguna suna fitowa kamar an wanke su da ruwan koko. Ta ce, "Malam, bular nan ita ce ta kullum." Na je har kasuwa na yi wa mai bula wa'azi a kan ha'inci, a gaban mutane. Sararin sama ma na ga ya dushe, amma shi ban san wanda zan kai ƙara ba, na ɗauka tsufa ya yi kamar kowa.

Wata Litinin Tabawa ta shigo da ƙunshi a ka. Ta jira aka idar da azahar, ta ce yau shari'ar tata ce. Ta kwance ƙunshin a bakin ƙofa inda haske yake, ta shimfiɗa zane biyu a kan kujerata.

"Sarkin Kaji, zo ka yi mini kuɗin waɗannan. Wanne ne wanne?"

Na taɓa na farko, yadin kanti ne. Na ce, "Baƙi. Na galura, ba shi da daraja." Na taɓa na biyu, saƙi ne tsoho, ya yi laushi. Na ce, "Wannan ma baƙi ne. Amma na marina."

Na jira dariya. Ba ta zo ba.

Tabawa ta ce, "Idi, ɗaga shi a rana."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana Idi haka kawai ba, ba tare da ta rataya masa wani abu a wuya ba. Na ɗaga. Na ce baƙi ne.

Ta ce, "Wannan zanen kai ka rina mini shi da zan yi aure. Sau biyu ka tsoma, don rowa, na yi ta yi maka gori har na haifi ɗan fari. Shuɗi ne, Idi, shuɗi fayau, yaro ma ya sani. Marini yana iya ce wa baƙi baƙi don yabo. Amma ba marinin da zai ce wa tsomi biyu baƙi, ko da wuƙa a wuyansa." Ta juya wajen Dakta. "'Yar nan, mutumin nan ba gardama yake yi ba. Ba ya gani."

Dakta ta haska mini ido da fitilar waya, ta ce ita ba likitar ido ba ce, amma wannan ya yi kama da yanar ido. Ta ce akwai irin wadda ke sa ƙwayar ido ta yi ruwan zuma a hankali, ta tare shuɗi ta bar sauran launuka su wuce, mutum yana yawonsa yana gane kowa bai san an yi masa sata ba. Na ce to, sai a ba ni masu ƙwai kawai in riƙa yi. Ta ce masu ƙwai na'ura ta cinye su.

"Baba, zan riƙe maka kujerarka har sabon aiki ya iso. In ka je asibiti an gyara, ka zauna gwaji kamar kowa. In ba ka je ba, ba ni da abin da zan faɗa wa masu aiki."

Ku da kuke cewa akuya za ta iya, ina so in ga akuyar da za a ce mata ta kai idonta a sa masa wuƙa. Na yi ta kewaye-kewaye. Yau in ce sai an gama noma na biyu, alhali ba ni da gona. Gobe in ce motar Katsina ta cika gudu. Har kasuwar Mashi na hau babur na je, don an ce akwai mai kwantar da yana da allura, ba sai an kwana ba. Na tsaya nesa na ga yadda yake yi wa wani tsoho, na sayi rake na dawo. Labari ya riga ni isowa. Tabawa ta tare ni a bakin ƙofa da faifai a hannu ta ce in na sake na bar wani ya tsokane mini ido a kasuwa, ita za ta ƙarasa ɗayan kyauta. Sallah ta matso, raguna sun fara kuka a unguwa. Na shiga mota.

Idon dama aka fara yi. Aikin kansa bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba, kuma ban ji komai ba sai hirar da likitan yake yi da ma'aikaciyarsa a kan tsadar tumatir. Washegari aka cire bandeji. Jama'a, wa ya tsoma duniya a marina ban sani ba? Farar rigar ma'aikaciyar shuɗiya, bango shuɗi, na leƙa taga na ga sama, na ce la'ilaha illallahu, ashe tana nan. Na ce wa likita ina jin yanzu har bayan-shuɗin nake gani. Ya ce a'a Baba, shuɗin kowa da kowa ne, ka daɗe ba ka gan shi ba ne, zai lafa. Da na dawo gida na ga rigunana a kan igiya farare tas. Hajara ta ɗaga ɗaya ta karkaɗe ta a gabana fiye da yadda ake buƙata. Mai bula kuwa na aika masa goro.

Sai zaman jinya, wanda ya fi wuƙar zafi. Kar ka sunkuya, kar ka shiga ƙura, kar ka kalli allo, salla ma a zaune. Ni da ko lafiyata ƙalau ba na iya zama. Na ƙirga azarar ɗaki har na fara raba su gida-gida. Na raba kwanukan Hajara: wannan ƙwai, wannan awarwaro, waɗannan biyun 'yan kokawa. Ta ce in ban bar mata kwanuka ba za ta kai ni gidan Tabawa in ƙarasa jinyar a can. Na bari.

Gwajin an yi shi bayan Sallah, ranar da sabon aiki ya iso. Dakta ta cakuɗa tsofaffin hotuna da sababbi, ta zaunar da ni a kujerar kusa da ƙofa, ta ja labule. Na goge allo da tsumma. Na yi faifai, na yi tsumma, na kama wani tauraro mai ƙaho huɗu yana ƙarya a kan cibiya. Can sai ga mutumina. Na gane shi tun kafin ya gama buɗewa, ɗan dunƙulen nan ruwan man shanu, a kwance kaɗan. Amma yanzu a kewaye da shi, nesa da jikinsa, ga gudaje shuɗi sun yi da'ira, sun haɗe ba ɓaraka, kamar an jera duwatsun wuya. Duk daminar nan yana nan. Na rufe idon dama da tafin hannu, na duba da tsohon: ƙwai, santsi, kewaye da duhu. Na buɗe: awarwaro. Na rufe, na buɗe, na rufe, har Dakta ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce gaisawa muke yi.

Ban zo na ɗaya ba, kar in yi muku ƙarya, Tabawa ce, kuma ta tabbatar duk Zango sun ji. Mai hula ne ya tashi, da kansa ma ya nema, ya ce allura ta fi masa kwanciyar hankali. Kujerar kusa da ƙofa ta tsaya. Amma an kafa mini doka: kalmar baƙi ta haramta a bakina a cikin ɗakin nan, sai in na faɗi wanne nake nufi.

Tun daga nan nake aiki da ido biyu da ba sa jituwa, kuma na mai da abin sana'a. Tsohon ya nuna mini jikin garke, sabon ya nuna mini 'ya'yansa. Na ce wa Dakta wannan dabara ce da ya kamata a rubuta a littafi da sunana. Ta ce kwamfutarta tana raba hoto biyu haka kafin in ƙifta, kuma ita ba ta ciwon kai da la'asar. Ta ce na hagun yana ƙara rufewa, likita ya kira ya sake kira, kuma ta gaji da jin labarin noma na biyu. Gobe da safe za a yi shi. Tabawa ta riga ta kama mana gaban mota, ni da ita da Hajara, wai don kar in sauka a hanya in ce zan yi fitsari in ɓace.

Shi ya sa yau na kasa zama. Ɗazu kafin a tashi na roƙi Dakta ta buɗo mini mutumina, in yi masa kallon ƙarshe da idon da ya san shi a ƙwai. Ta buɗo. Na rufe na dama, na daɗe. Tabawa ta zo ta tsaya a bayana da faifanta.

"Sarkin Kaji, me ka gani?"

"Ƙwai."

"Me za ka latsa?"

"Awarwaro."

"To buɗe ɗayan. Gefen nan, wane launi ne?"

Na buɗe. Na dubi da'irar nan, ta ƙoshi, ba inda ta yi rowa, ba tsomi biyu ba ce wannan.

Na ce, "Baƙi."

Ta ɗaga faifai.

Na ce, "Na marina, Tabawa. Sauke hannunki. Na marina."